Waken Karofi da na Wurma

A shekarar 1988 aka kawo kwamfuta ta farko kwalejin da Rekiya Dalhatu ke karatu a Dutsin-Ma. Guda ɗaya ce tal, an lulluɓe ta da atamfa, kuma mabuɗin ɗakin na aljihun Malam Simeon, malamin lissafi, mutumin Kafanchan.

Da lokacin aikin bincike ya zo, Rekiya ta zaɓi noman wake. Sati uku tana yawo gida-gida a Wurma, garinsu, tana tambayar kowane manomi abin da ya samu bara. Ƙawarta Dina, wadda babanta ke aikin gona a ƙaramar hukuma, ta tattaro na garin Karofi.

Malam Simeon ya nuna musu jadawali a fuskar na'urar, layuka a kwance da a tsaye, kowane gurbi da sunansa. Rekiya ta riƙa buga lambobi da yatsa ɗaya, tana janye hannu kamar ta taɓa garwashi. Sai da ta kwana huɗu kafin ta shigar da gonaki sittin. Sannan ya koya mata rubuta ƙa'idar da za ta fitar da matsakaicin kowane gari.

Ta danna. Wurma shida. Karofi ɗari biyu da ashirin.

"Malam, wannan abar ƙarya take yi!" in ji Rekiya. "Ni na san gonakin Karofi. Ƙasarmu ta fi tasu."

Dina ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ba ta san Wurma ba, ba ta san Karofi ba," in ji Malam Simeon. "Abin da kuka ba ta, shi ta mayar muku. Ku koma takardunku."

Rekiya ta baje takardun a tebur, tana bi da fushi. Can sai ta tsaya.

"Dina, da me suka auna miki?"

"Da tiya mana."

"Ni kuwa da buhu!"

Malam ya ja kujera baya, ya ba ta wuri. Rekiya ta buɗe sabon layi da kanta, ta rubuta a raba na Karofi da arba'in, tunda tiya arba'in ke cika buhu. Ta kwafi ƙa'idar har ƙasa. Nan take lambobi talatin suka sauya gaba ɗaya. Ta yi ihu har masinja ya leƙo.

Karofi biyar da rabi, Wurma shida.

Sai dai da ta jera gonakin daga wadda ta fi ba da wake zuwa ta ƙarshe, ta ga goma na sama duk waɗanda shanu suka kwana a cikinsu ne da rani, ko a wane gari suke. A kan wannan suka rubuta rahotonsu.

Ranar kasuwar Kurfi Rekiya ta kai wa babanta takardar da na'urar ta buga, ta karanta masa. Malam Dalhatu ya saurara har ƙarshe, ya linke ta cikin hularsa, ya tafi neman Yero makiyayi ya kawo masa shanu gona, tun wani bai riga shi ba.