Ɗago Kai, Don Eusebio

Doña Marleny ta daɗe tana shirya baƙi don ganawa da jami'in shige da fice, a ɗan ofishinta da ke saman shagon masu abinci a Los Angeles, amma ba ta taɓa gamuwa da mai taurin kai irin Don Eusebio Tzoc ba. Taurin kan ma na ladabi ne, wanda ya fi kowanne ban haushi.

Tsohon ya gudo ne daga ƙasarsu, can duwatsun Quiché, tare da jikarsa Floridalma, bayan 'yan bindiga sun kashe ɗansa saboda gona. In jami'in ya gaskata labarinsa, sun samu wurin zama, yarinyar ta ci gaba da karatu. In bai gaskata ba kuwa, sai a tasa ƙeyarsu zuwa inda makasan suke.

Kullum Marleny takan zauna a matsayin jami'in ta yi ta jefa masa tambayoyi. Shi kuma sai ya tuɓe hula ya dasa ido a ƙasa.

"Haba Don Eusebio! Me aka ajiye maka a takalmin nan? Da ni kake magana ko da shi?"

"Doña, a garinmu ba a zuba wa babba ido."

"Nan ba garinku ba ne. Nan in ka sunkuyar da kai cewa za su yi ƙarya kake shirgawa. Ɗago mana!"

Ya ɗago kamar an ɗora masa buhun masara a wuya, ya sake sunkuyawa. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, har a gida ta sa Floridalma ta riƙa kama masa haɓa. Ranar da ya iya ba ta labarin gawar ɗansa yana kallon ƙwayar idonta, sai da ta shige banɗaki ta yi kuka mai isarta, don tausayinsa ya riga ya cika mata ciki.

Ran ganawa suka zauna a waje ita da yarinyar. Can sai ga shi ya fito, hula a hannu, yana murmushi.

"Na kalle shi, Doña. Wallahi ko ƙiftawa ban yi ba."

"Madalla! Me ya tambaye ka a ƙarshe?"

"Wai ina jin tsoron komawa gida."

"Ka ce masa me?"

"Na ce a'a mana."

Marleny ta miƙe zumbur. Duk shari'ar a kan wannan amsar take tsaye. Wanda ba ya tsoro, ba su ga dalilin ba shi mafaka ba. Sau nawa ta yi masa tambayar nan a ofis yana ce mata e! Ashe don kada ya musa mata ne.

"Don Eusebio, ai kashe ka za su yi!"

"Na sani. Amma ina kallon idon namiji ɗan'uwana, jikata tana bayan ƙofa, in buɗe baki in ce ina tsoro? Kuma ɗana yana can kwance a kabari shi kaɗai."

Ya duba fuskarta, murmushin ya gushe.

"Na yi kuskure ne, Doña?"

Floridalma ma ita take kallo. Marleny ta sunkuyar da kai.