Alƙaluman da Ba Su San Ruwa Ba

Cha'ibu Danda masassaƙi ne ɗan masassaƙi, amma a shekarar da ta biyo bayan babban farin nan na zamanin soja, sana'ar ta zame masa wahalar banza. Wa zai sayi turmi a Korgom alhali gidansa babu ko zangarniya ɗaya? Ga kuma doka, sojoji sun ce duk wanda ya sari ɗanyen icce, shi da 'yan gandun daji. Abin da ya rage wa bawan Allah sai guntattakin icce a bayan ɗaki, waɗanda da can matarsa Zara'u ke hura wuta da su.

Yayan Zara'u, Gazali, direban motar kaya ne a Tasawa, mutum mai kirki amma mai baki kamar reza. Duk zuwan da zai yi maganarsa ɗaya ce: Cha'ibu ya sayar da gizago da zarto ya bi shi kudu ya yi dako, Zara'u ta koma gidan iyayenta kafin Allah ya kawo sauƙi. Cha'ibu ba ya son tafiyar nan ko kaɗan. Bai taɓa raba gari da matarsa ba, kuma tunanin abin kawai kan hana shi cin ɗan tuwon da aka samu. Da matsin ya yi yawa sai ya yi alkawari, in aka rufe lakwal, wato makarantar boko, bana bai samu abin yi ba, zai hau motar.

Ana nan sai ga Mushe Sale, daraktan lakwal, ya shigo zauren da bik a hannu, alƙalamin nan na roba, wanda ya zauna a kansa ya fasa. Bututun tawadar lafiyarsa lau, rigar ce ta tsage.

"Danda, za ka iya yi masa riga ta icce? Sabo sai an je Tasawa."

Cha'ibu ya tona tarin guntayensa, bai samu ko ɗaya mai tsawon yatsa biyu da ba shi da tsaga ba. Yana shirin ba da haƙuri sai Zara'u ta leƙo daga bayan zana.

"Maigida, mi zai hana ka haɗa su? Ga baƙi, ga fari, ga ja. In kai ba ka gani, ni ina gani."

"Da mi zan haɗa, da yawu?"

"Da ƙaro mana! Shi kaɗai ne abin da bai yi tsada ba a garin nan."

To, daga nan fa abin ya samo asali. Zara'u ta jiƙa ƙaro ya yi kauri kamar zuma. Cha'ibu ya yayyanka guntayen ƙanana ƙanana: zuciyar kanya baƙa wuluk, gawo fari, ƙirya ja mai duhu, aduwa ruwan ɗorawa. Ya goge fuskar kowanne da magagari har ta kwanta sumul, ya shafa ƙaro, ya jera su ɗaya bisa ɗaya, ya ɗaure da tsirkiya ya ajiye a rana. Ranar Korgom kuwa a shekarun nan ba ta wasa, kafin la'asar abin ya kama gam. Ya gasa wayar ƙafar keke a wuta ya huda tsakiya. Sai ya kwance kan tsohon keken ɗinkin Zara'u, ya kafa sandar a wurin, ita tana taka ƙafa, shi yana riƙe da wuƙa, icce na juyawa yana zubar da gari.

"Taka a hankali, kin zaci rigar sallah kike ɗinkawa?"

"In ka iya, zo ka taka ni in riƙe wuƙar."

Da aka shafa man gyaɗa, launukan suka fito. Kai! Cha'ibu ya daɗe yana juya abin a hannu. Mushe Sale kuwa da ya karɓa sai ya soke shi a aljihun gaba, ya yi ta zagaya kasuwa babu abin da ya je saye.

Hannun Cha'ibu ya faɗa. Ya koyi yanka guntayen a karkace, in an juya sai zanen ya fito kamar igiya tana hawa sanda. Ya koyi tsaga ƙirya ya cusa sililin gawo a ciki, siriri kamar gashin doki. Wani ya lalace, wani ya tashi ya bugi Zara'u a goshi, suka yi dariya har maƙwabta suka leƙo suna tambayar ko an samu hatsi ne.

Da ƙarshen shekarar karatu ya matso, Mushe Sale ya zo da babbar magana. Za a yi bikin ba da kyauta ga yaran da suka yi fice, manyan baƙi za su zo daga Tasawa, kuma alƙaluman Cha'ibu ne kyautar.

"In suka gani suka yaba, Danda, ma'aikatan Tasawa kaf za su san ƙofarka."

Ranar bikin, tun da hantsi Gazali ya kafa motarsa a bakin filin lakwal, ya ce yau ce ranar alkawari, da la'asar zai ɗaga. Cha'ibu ya jera alƙaluman a babban farantin tasa na Zara'u, ya ɗora a tebur a tsakiyar fili, suna ƙyalli. Ya koma gefe ya tsuguna. Yara suka yi waƙa. Baƙo mai kaki ya tashi ya fara jawabi da Faransanci, jawabin da babu alamar zai ƙare.

Babu wanda ya kula da gabas. Mutane sun gaji da kallon hadarin da ke taruwa ya watse ya bar su da ciwon wuya. Sai da iska ta ɗauke hular wani dattijo, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancin jama'a, sannan wata tsohuwa ta ƙwala ihu, "Jama'a, ruwa!"

Ruwa kuwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Wa ya ga jawabi! Yara suka watse cikin fili suna tsalle, mata suka ɗauki guɗa, tsofaffi suka ɗaga hannu sama suna kuka suna hamdala. Baƙon nan mai kaki ya cire hularsa ya tsaya ruwa na dukan ƙoƙon kansa, yana dariya kamar ba shi ba. Babu wanda ya nemi mafaka. Cha'ibu kansa ya tsinci ƙafafunsa suna rawa cikin taɓo, Zara'u na gefe tana tafi tana cewa ashe tsohon ya iya. An daɗe ana haka, har fili ya zama tafki.

Sai da ruwan ya tsagaita Cha'ibu ya tuna da farantin.

Ya ruga. Farantin ya cika fal. Ya sa hannu ya ɗauko alƙalamin da ya fi so, mai zanen igiya, sai ya ji ya saɓule a yatsunsa, baƙi ya yi nan, fari ya yi can, bututun tawada ya rage tsirara. Ya ɗauki wani, haka. Ƙaro ya sha ruwa ya koma yadda Zara'u ta fara dama shi. Babu ko ɗaya da ya tsira.

Ga baƙi suna matsowa, ga Gazali ya taso daga wurin motarsa yana matse riga. Baƙin ciki da kunya suka rufe shi, ya sunkuyar da kai yana jiran a tozarta shi a gaban yara.

Mushe Sale ya leƙa farantin, ya tsoma yatsa ya motsa guntayen.

"Danda, da mi ka manna su?"

"Da ƙaro, Mushe."

"Ƙaro? Kai da ka san ko yawu na narkar da shi?"

"Na sani. Wallahi Mushe, mantawa na yi ana ruwa a duniya."

Wata mata ta sa gefen zane ta share ido, domin ba shi kaɗai ya manta ba. Sai baƙon mai kaki ya fashe da dariya, Mushe Sale ya bi, jama'a suka ɗauka. Baƙon ya zaro alƙalamin farko daga aljihun Mushe Sale, wanda rigar sama ta kare, ya jujjuya shi, ya yi magana da Hausarsa ta mutanen yamma.

"Wannan aikinka ne? To, ka sake yi wa yaran, ka yi mana namu mu ma. Zan aiko maka da abin manna katako na kanti. Amma ka yi masu jure ruwa, malam, don daga bana mun sa rai kullum a jiƙe za mu riƙa zuwa aiki."

Cha'ibu ya ɗago. Hawaye da ruwan sama suka haɗu a gemunsa. Zara'u ce ta juya ta dubi yayanta, ta riƙe ƙugu.

"Yaya Gazali, a sauka lafiya. Ka gaida mutanen kudu."

Gazali ya dubi motarsa da ta nutse cikin taɓo har gindi, ya yi tsaki, sannan ya yi murmushi.

"Wace tahiya kuma? Ku dai ku zo ku taya ni turi, in ya so gobe in taya ku shuka."