Abin da Tsofaffin Kharewadi Suka Ƙi Kallo

A rana ta biyar ta bikin gunkin Ganpati, 'yan kwamitin unguwa suka yi shela cewa da ƙarfe huɗu za a nuna fim a zauren makarantar firamare. Ba na Mumbai ba ne, na 'yar gida ne: Mrunal, jikar Yamunabai, wadda aka tura Pune koyon haɗa magunguna ta ɓige da ɗaukar fim. Kharewadi kuwa gari ne da ko akuya ta haifi uku sai an je kallo, balle wannan.

Dinkar mai gyaran agogo ya rufe shagonsa tun uku da rabi. Shekararsa arba'in da takwas, mutum ne mai shiru-shiru wanda sana'a ta koya wa lura da ƙananan abubuwa. Ya riƙo hannun mahaifiyarsa Kusum, matarsa Sharada na biye da su, suka sami wuri a layi na uku. An toshe tagogi da barguna, zafi kamar a tanda, fanka ɗaya tana ta kuka a sama.

Fim ɗin minti ashirin ne. Kowa a zauren ya san tushen labarin tun yana goye: matar allan Rana ta kasa jure zafin mijinta, ta tayar da inuwarta ta zama mace sak ita, ta bar ta a ɗakin aure ta gudu. Sai dai Mrunal ta ɗauko labarin ta sauke shi a wani gida irin nasu, mai rijiya a tsakar gida da tukwanen tagulla. Uwa ta tafi kogi wanki ta dawo. Fuska ita ce, murya ita ce. Amma 'yarta ta lura cewa yanzu in ana yi mata kitso ba a jan gashinta, kuma karen gidan ya daina shiga kicin. Babu kiɗa, sai ƙarar guga a rijiya. Da rana ta take tsaka, uwar ta fito shanya, yarinyar ta dubi ƙasa ta ga komai na da inuwa, igiya da bokiti da ita kanta, ban da matar. Ta ɗago kai ta ce, "Ina kika kai ta?" Allo ya yi baƙi.

"Shi ke nan?" in ji mai shayin unguwa, wanda ake kira Baban, daga baya. "Na bar madara a wuta saboda wannan? Mrunal, kuɗin fim ɗin ne ya ƙare?"

Samari suka kwashe da dariya, wasu na fito, wasu na tafi da gaske. Wata budurwa ta ce ita dai ba za ta ƙara shanya da tsakar rana ba. Limamin haikali ya miƙe yana gyara mayafinsa, yana faɗa wa duk mai saurare cewa ba haka labarin yake a littattafai ba, yaran yanzu sai su ɗauki abin tsarki su mayar da shi abin tsoratarwa.

Dinkar bai yi dariya ba, don tun tsakiyar fim ɗin wani abu ya tsaya masa a rai. Ya ga Yamunabai, kakar mai fim ɗin, ta rufe bakinta da gefen zanenta na sari ba ta ƙara duban allo ba. Da aka yaye barguna haske ya shigo, sai ya ga tsofaffin mata na layin gaba sun yi tsuru-tsuru, kowacce na neman takalminta kamar takalmin ne ya kawo ta. Waɗannan mata ne da ba sa wuce mahaifiyarsa sai sun tsaya sun tambayi ciwon gwiwarta. Yau ko ɗaya ba ta waiwayo ba. Tsohon tela, da ba ya ji sai an yi ihu, ya dubi Kusum sau ɗaya, ya dubi Dinkar, ya sunkuyar da kai ya fita.

Ita kuwa Kusum tana zaune ƙyam, hannuwanta a cinya. Da zauren ya fara raguwa ta ce, "Yarinyar ta iya. Tashi mu tafi, ƙafata ta yi sanyi."

A hanya Sharada tana ta surutu a kan karen fim ɗin, Dinkar bai ji rabin abin da take faɗa ba. Ruwa ba ya tsami banza. Mahaifiyarsa 'yar tagwaye ce, wannan ba sirri ba ne. 'Yar'uwarta Kumud, wadda ya kamata ya kira Maushi, wato 'yar'uwar uwa, ta rasu yana da shekara shida. Sun tafi ziyarar ibada Pandharpur a ƙafa su biyu, amai da gudawa ya kama ta a hanya, ɗaya ta dawo. Haka aka gaya masa, haka ya riƙe shekara arba'in da biyu. Sai yau ya tuna cewa a bangon gidansu akwai hoton mahaifinsa Vishwanath da furanni a wuyansa, akwai na kakanni, amma babu na Kumud. Ba a taɓa ajiye mata shinkafa don hankaki a ranar tunawa da matattu ba, a gidan da ko kawun da ba wanda ya sani ana ajiye masa.

Washegari da safe ya tare Mrunal a tashar mota tana shan rake.

"Wa ya ba ki labarin nan?"

"Wane labari, Kawu? Na matar Rana? Ai kowa ya san shi."

"Ba shi nake nufi ba. Gidan. Rijiyar. Wa ya ce ki sa shi a gida irin wannan?"

Ta yi dariya, sannan ta ga fuskarsa ta daina. "Gidan kawun mai riƙe mana kyamara ne, a Satara. Shi kaɗai aka ba mu kyauta. Wani abu ya faru ne? Kakata ma tun jiya ba ta yi min magana ba, na ɗauka haushin barin karatu ne."

Ya zuba mata ido yana neman alamar ƙarya, bai samu ba. Amma hakan bai kwantar masa da hankali ba, don mai ƙarya ma yakan iya duban mutum ido cikin ido. Ya wuce gidan Yamunabai, ya same ta a bakin ƙofa tana tsince shinkafa a faranti.

"Gwaggo, jiya kin rufe fuska."

"Zafi ne. Kana so in suma a gaban jama'a?"

"Kin taɓa ba jikarki labarin gidanmu?"

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. "Wane labari gidanku ke da shi? Kai dai tun kana yaro ka cika bin diddigi. Bakina bai taɓa furta komai ba, ko ga mijina, shekara arba'in..." Sai ta kama bakinta. Ta ɗauki farantin ta miƙe da ƙyar. "Je ka tambayi wadda ta raine ka. Ni na tsufa, ba na tuna abin da na ci jiya."

Wadda ta raine ka, ta ce. Ba ta ce wadda ta haife ka ba.

Kwana biyu Dinkar ya yi yana kallon mahaifiyarsa kamar agogon da aka kawo masa gyara ba a faɗi ciwonsa ba. Yadda take naɗa lagwanin fitila. Yadda take amsawa in an kira sunanta, ko akwai ɗan jinkiri. Ya buɗe akwatin ƙarfe ya ɗauko hoton auren iyayensa, ya sa gilashin aikinsa a ido ya duba fuskar amaryar har idonsa ya yi ruwa, bai ga komai ba sai yarinya 'yar sha bakwai da ta firgita. Ya fara zargin kowa: mai shayin da ya ƙara masa shayi ba a tambaya ba, tela da ya tsallaka titi, har Sharada.

"Ke ma kin sani?" ya tambaye ta.

"Na san me? Ka yi kwana biyu kana zagaya mahaifiyarka kamar kyanwa da tukunyar madara. In magana ce ka faɗa mata, in hauka ne mu kai ka asibiti."

Rana ta uku da hantsi, Sharada ta tafi kasuwa, ya sami tsohuwar a kicin tana daɓa gurasar dawa a tafin hannu. Ya zauna a ƙasa kusa da murhu, inda yake zama yana yaro.

"Ayi, me ya sa babu hoton Maushi a bango?"

Ta ɗora gurasar a kasko, ta shafa mata ruwa, ta jira ta kumbura, ta juya ta. Sannan ta ce, "Ba a rataya wa mai rai furanni."

Ya ji kamar an zare ƙasa daga ƙarƙashinsa, ko da yake abin da ya zo ji ke nan.

"Na san za ka zo," in ji ta. "Ba fim ɗin ne ya tona ba, yarinyar ba ta san komai ba. Waɗancan tsofaffin banza ne, da suka kasa riƙe fuskokinsu na minti ashirin."

Ta ba shi labarin ba tare da ta daina aiki ba. Vishwanath mutum ne mai zafin hannu. Ya karya wa Kusum wuyan hannu sau biyu, na uku ya tura ta ta faɗa kan dutsen niƙa har ta yi ɓari. Iyayensu suka ce ta yi haƙuri, gidan miji gidan miji ne. Ita Kumud a lokacin mijinta ya mutu, ba ɗa ba jika, tana zaune a gidan iyaye ana kallonta kamar kayan da aka dawo da su. A hanyar Pandharpur, a gindin wata bishiyar tsamiya, suka yi musanyar sari, Kusum ta cire sarƙar aurenta ta ɗaura wa 'yar'uwarta.

"Ta so ta tafi da kai. Na ce mata in ta ɗauki ɗa namiji, zai bi ta har bangon duniya ya kashe ta. Na ce ta bar min kai."

"Shi Baba bai gane ba?"

"Ya gane tun ban sauke ƙunshina ba. Ya ɗaga hannu, na ɗauki muciya. Na ce masa ni ba Kusum ba ce, kuma ranar da ya taɓa ni ko ya taɓa ka, zan tsaya a tsakiyar kasuwa in faɗa wa gari matarsa ta gudu ta bar shi. Kunya ta fi ƙarfinsa. Shekara ashirin da biyu ina dafa masa abinci, ɗakina daban nasa daban. Matan unguwa sun gane cikin mako guda. Su ne suka ɗaure mata hannu lokacin da ya karye, ka ga kuwa sun san wanda ba karyayye ba. Suka yi shiru."

"Tana ina?"

"Nashik. Ta yi aikin girki a masaukin masu ziyara. Ta rasu shekara tara ke nan." "Ta zo aurenka. Tana cikin masu girki a bayan rumfa, fuska a rufe. Ita ta zuba maka shinkafa."

Dinkar ya tashi ya fita. Ya buɗe shago ya zauna, bai taɓa agogo ko ɗaya ba. Haushi yake ji, amma ya rasa wa zai ɗora wa: wadda ta tafi, ko wadda ta zauna, ko garin da ya yi shekara arba'in yana gaishe shi da abu a baki. Wani sashe na zuciyarsa ma bai gama yarda ba. Wanda aka ruɗa tsawon rai, me zai hana a ƙara masa? Mako guda ya yi ba ya cin abinci a gida. Har aka kai gunkin Ganpati kogi da ganguna, bai je ba.

Ranar Litinin ya shigo da tikitin mota biyu ya ajiye a gabanta.

"Nashik. Ina so in gani da idona."

Masaukin na nan a bayan kasuwar furanni, kuma tsohuwar da ke kula da shi ta yi salati irin nasu da ta ga fuskar baƙuwar, har sai da ta dafa bango. Ta ce ƙwarai, Kumudbai, kamar yadda suka san ta, ta yi shekara talatin da uku a nan, mai lanƙwasasshen hannu, ba ta son hayaniya. Ta ce da ta rasu ma'aikata ne suka ƙona gawar, don ta ce ba ta da kowa, ba a sami ɗan da zai yi mata sadakar matattu ba.

Dinkar ya sa aka aske masa kai a bakin kogin Godavari. Ya zauna a kan matakala da ɗanyen zane, wani limami ya jera masa curin shinkafa a kan ganye, ya tambayi sunan mamaciyar. Dinkar ya buɗe baki ya rasa wanne zai faɗa. Ya waiwaya.

"Kusum," in ji tsohuwar daga bayansa, da ƙarfi yadda limamin zai ji. "Sunanta Kusum. Wannan ɗanta ne."

Da aka gama, ya taimaka mata ta hau matakalar, ɗaya bayan ɗaya, tana hutawa. A sama ta tsaya tana haki.

"Yanzu sai ka kira ni yadda ka ga dama," ta ce. "Ba zan yi fushi ba."

Ya sayo mata ruwan kwakwa, ya tsaya har ta shanye, sannan ya ce motar ƙarfe biyu ta fi ta huɗu kujeru masu laushi, in ta iya sauri kaɗan za su same ta.