Ciyawa a Akwatin Alhaji

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Alhaji Maman Lawali, abinci ya zama yaƙi a gidansa na unguwar Zariya a Maraɗi. Mutumin da muryarsa kan cika kasuwar Maraɗi in ana sauke kaya, yau ba ya iya cewa uffan. In an kawo cokali sai ya datse haƙora ya kau da kai. Matarsa Hajiya Safiyatu ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta koma ɗaki ta yi kuka, duk a banza.

Autansu Rashid, wanda ke kula da kayan gidan a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, shi ya zo da dabara. Ya kawo akwatin gilashi, ya haɗa ruwa da wani gishiri na musamman, ya jera duwatsun teku, ya saki kifaye biyu masu ratsin fari da ruwan goro. A tsakiya ya ɗora wata halitta kamar fure, koriya, mai yatsu barkatai suna rausaya. Ya ce dabba ce, Nasara na ce mata anemon, kuma cin nama take. Hajiya ta taɓe baki, don a ganinta kuɗi ne kawai ya rasa wurin zuwa. Ta sa mata suna Amarya saboda tsabar zaman da take ana yi mata hidima.

Amma ranar da ta miƙa wa Amarya ɗan guntun tsokar kifi da tsinke, yatsun nan suka naɗe shi suka kai baki, sai ta ga Alhaji ya zuba ido. Ta miƙa masa cokalin kunu, ya buɗe baki. Daga nan ya zama ƙa'ida: Amarya ta ci, Alhaji ya ci. Rashid ya koma Kwatano da kwanciyar hankali.

Bayan wani lokaci wasu ƙanana masu kama da ita suka tsiro a jikin dutse, sirara, launin ƙasa-ƙasa. Hajiya ta yi murna, ta ce Amarya ta haihu, har tana ba su guntun kifi. Ta ɗauki hoto ta aika wa Rashid tana jiran barka. Sai ga saƙon muryarsa ba daɗi. Ya ce waɗannan ba 'ya'yanta ba ne, wani iri ne daban da ya ɓuya a ramin dutse, mugun abu mai harbin maƙwabcinsa har ya kashe shi.

"Inna, don Allah kar ki taɓa su. Ki bari in taho da magani."

To, wa ya gaya wa Rashid ana ce wa 'yar garin Tsibiri ta ga ciyawa ta naɗe hannu? Hajiya a gonar gero ta tashi. Ta san ƙuduji, ciyawar gona mai kyan fure da mugun ciki, ta kuma san wanda ya jira gobe kafin ya yi noma, bara zai yi da kaka. Rashid kuwa hanya ta yi masa nisa, bai san ranar zuwa ba. Ta naɗe hannun riga, ta ɗauki wuƙar kicin, ta kankare dutsen tas. Ta ji daɗin aikinta ƙwarai.

Abin da ba ta sani ba shi ne, wannan ciyawar ba ta mutuwa da yanka. Kowane ɓurɓushi da ruwa ya kwasa, inda ya sauka nan yake zama sabuwa. Suka fito a duwatsu, a yashi, har a jikin gilashi. Ta sake kankarewa, suka sake ninkuwa. Amarya ta fara tsukewa, korenta ya koɗe, ta bar wurinta ta lallaɓa bayan dutse. Hajiya ta miƙa mata kifi, ya zame ya faɗi ƙasa. Wata safiya ta kwaso ta da ludayi, ta narke, tana wari.

Ranar Alhaji bai ci komai ba, washegari ma haka. Idonsa na kan gurbin da Amarya ta bari. Tsoro ya kama Hajiya irin wanda ba ta taɓa ji ba, ga baƙin cikin sanin cewa da hannunta ta yi. Ta zauna gabansa da kwanon kunu har ya huce.

Don rashin abin yi, ta soka kifi a tsinke ta miƙa wa mafi girma cikin ciyawar. Abar ta cafke shi da haɗama, ba ko kunya. Alhaji ya bi ta da kallo. Hajiya ta ɗaga cokali, ya daɗe yana dubanta, sannan ya buɗe baki.

Da la'asar Rashid ya kira, ya ce ya samo maganin, allura ce ake yi musu ɗaya bayan ɗaya, ba wadda za ta yi saura. Hajiya ta dubi akwatin da ya cika da ƙudujin teku, ta dubi kwanon da ya koma rabi.

"Bar maganinka nan," ta ce. "Babanka da su yake cin abinci."