Anzar Hajo

Kowa a layinsu na Tudun Wada ya san Hajo da taurin kai, amma shuka anza a tsakar gida, wannan kam ya ɗaure wa mutane kai. Anza fa! Ɗan itacen nan mai ɗaci da ke fitowa can arewa cikin rairayi, wanda ba a tunawa da shi sai yunwa ta kai wuya.

Ƙanenta Mahmudu ne ya kawo mata 'ya'yan daga ƙauyensu, ya ce ta shuka tun ba su bushe ba. Ta sa aka ɗebo mata yashi wurin masu bulo, ta binne su a gefen katanga, suka tsiro gwanin sha'awa. Sai Suzana mai haya a ɗakin waje, baiwar Allah sarkin tausayi, ta ga tsiro a busasshiyar ƙasa, ta dinga sheƙa musu ruwa duk sanda Hajo ta fita unguwa. Ai kuwa suka ruɓe, saura ɗaya tal. Hajo ta yi faɗa har muryarta ta dashe.

Damina ta kankama, ruwan Zariya kuwa ba ya wasa. Da hadari ya taso, mata na fitar da bokiti, ita kuma tana kifa tsohon baho a kan tsironta kada ya jiƙe. Aka yi ta dariya, ko a jikinta.

Wata safiya sai ga ɗanta Kailani, ma'aikaci a jami'a nan unguwar Kongo, da magina da buhunan siminti.

"Inna, duk tsakar gidan za a malale," ya ce. "A cire abin nan don Allah. Abincin yunwa ne fa. Me muka rasa? Wallahi kunya nake ji in baƙi suka tambaya."

Ran Hajo ya ɓaci ƙwarai. Ta jawo 'yar kujerarta, ta zauna daram, tsiron yana tsakanin ƙafafunta.

"Kunya ko? Shekarar da nake goyonka ruwa ya ƙi, shanunmu suka mutu. Anza nake jiƙawa, in zubar da ruwan ɗacin, in sake jiƙawa, sannan in ci don in samu nonon ba ka. Wannan ƙaton wuyan naka da anza aka gina shi. To ka ce su zuba simintinsu, amma ta kaina za su fara."

Magina suka yi cirko-cirko suna kallon Kailani. Shi kuwa ƙafafun uwarsa yake kallo, da ɗan tsiron da bai kai tsawon yatsa ba. Can ya sunkuya ya ɗauki tsinke, ya zana layi a ƙasa kewaye da kujerar, ya ce wa magina kada siminti ya wuce nan.

Hajo ta leƙa layin, ta taɓe baki.

"Ƙara faɗi," ta ce. "Girma za ta yi."