Maganin Bututu

Da aka ɗaga murfin ramin, abokan aikinsa suka ja da baya suna toshe hanci da gefen riga. Shi kuwa Hancin Ƙarfe, kamar yadda suke kiransa, ya leƙa ciki hankali kwance, sai ka ce mai duba tukunya a kan wuta.

"Ku dai ragwaye ne," in ji shi. "Ina warin yake?"

"Haba Baba," in ji direban motarsu yana tari, "ko ungulu aka ɗauka aikin nan sai ta nemi canjin wuri."

Ya yi dariya, ya zura tiyo cikin ramin, ya kunna famfo. Tun kansa bai yi furfura ba wannan ne aikinsa: zuba magani a manyan bututun da ke kwashe ƙazantar gari. In ƙazanta ta jima a ƙarƙashin ƙasa, takan haifar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ba wari kaɗai ne aibinta ba. Tana lafewa a rufin bututu tana cin siminti, har in ka taɓa shi ya marmashe a hannunka kamar busasshen burodi. Maganin ne ke kashe ta.

Yana son aikin. In wani abu ya toshe a ƙasa shi ake turawa, domin shi kaɗai ne ba ya fitowa yana amai. Kamfani na ji da shi.

Ran nan injiniya ya zo duba sabon maganin da aka sayo. Ya shafa gangar maganin kamar mai shafa doki, ya ce wannan zai ƙara wa bututun tsawon rai sosai.

"Ranka ya daɗe, takunkumin hancin nan fa da aka ce za a raba mana?" in ji Hancin Ƙarfe.

"Yana hanya," in ji injiniya. "Kai me za ka yi da shi ma? Ai da naka aka haife ka."

Kowa ya yi dariya, har da shi. Yabon ya yi masa daɗi.

A ransa dai ya san ba da shi aka haife shi ba. Ya fi ɗaukar abin a matsayin mura da ta ƙi sakinsa, kuma yana so ta sake shi kafin 'yarsa ta haihu. Har yau yana tuna ƙamshin kan yarinyar ranar da aka fara miƙa masa ita: ɗumi, da nono, da wani abu da ba shi da suna. Ya sha faɗa wa mutane babu turaren da ya kama ƙafarsa.

* * *

"Shinkafar ta kama, ka yi haƙuri," in ji matarsa tana ajiye masa kwano.

"Ni ban ji komai ba."

"Shi ya sa matan layin nan ke kishi da ni. Mijin da ba ya jin ƙauri ai sai an tona." Ta zauna tana kallon yadda yake loma. "Malam, ka je asibiti mana."

"Kan mura?"

"Murar da ta girmi cikin 'yarka?"

"Ke dai bar ni in ci abinci, 'yar tsohuwa. Ranar da jikata ta iso, hancin nan da kansa zai buɗe."

Ta ƙara masa miya. Rufin gidan ba ya yoyo, yara sun yi karatu, kuma duk daga ramin nan ne.

* * *

Mace aka haifa. Ya tarar da ɗakin maijego cike da dangi da maƙwabta, ya wanke hannu har gwiwa, ya zauna a bakin gado.

"Ku ba ni amaryata, tsohuwar ta gama yayi."

Aka miƙa masa ita. Ya sunkuyar da kai, ya ɗora hanci a kan ɗan gashinta mai laushi, ya ja numfashi. Ya sake ja, a hankali, ya daɗe.

A daidai lokacin jaririyar ta ɓata zanenta. Matan da ke kusa suka fara fifita hanci da mayafi.

"Kai, Alhamdulillahi," in ji shi da ƙarfi. "Ƙamshin jarirai!"

Ɗakin ya kaure da dariya.

"Baba ba ya rabo da barkwanci," in ji maijego tana riƙe ciki.

Matarsa ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta zo ta karɓi yarinyar, ta ce bari a gyara masa amaryar tasa. Hular jaririyar ta zame, ta rage a hannunsa.

Wata maƙwabciya ta juyo. "Af, Malam, sannunku da ƙoƙari. Tun da kuka canza maganin nan, layinmu ko ɗigon wari babu."

"Haka ake faɗa," in ji shi.

Hira ta koma kan wanda jaririyar ta ɗebo. Da ya ga ba mai kallonsa, sai ya ɗaga 'yar hular, wadda har yanzu da ɗuminta, ya kai ta hanci.