Yaya Ya Zaɓi Ja

Da mijina ya rasu, wansa ya ce rabin amfanin lambunmu nasa ne. Ya ƙara da cewa mace ba ta san tumatir ba sai a tukunya. 

Ranar rabo na jera kwandunan tumatir a rumfa. Zagayayyen nan mai ruwa na sa a gaba, ja wur, har goge shi na yi da gefen zani. Dogon mai tauri kuwa, wanda na tsinka bai gama nuna ba, na tura shi lungu.

"Yaya, kai ne babba, fara zaɓa."

Ko taɓawa bai yi ba. Ya kwashe jan kaf, ya nuna sauran da ƙafa. "Ki kai wa awaki wannan ɗanyen."

Ban gaya masa ba cewa direban da ke kai mana kaya kasuwa ya kira ni tun da safe. Motar ta lalace, sai bayan mako guda.

Kwana uku nasa ya fara laushi. Kwana biyar ruwa na tsiyaya ta gindin kwandunansa, ƙudaje sun samu gida. Nawa kuwa kullum ƙara ja yake, in ka matsa shi gam.

Ranar da mota ta zo, yana tsaye ya toshe hanci ana loda nawa.

"Kin sani, ko?" ya ce.

Na zaɓo guda mai kyau na sa masa a tafin hannu.

"Ina zan sani, Yaya? Ni ai sai a tukunya."